Shawara ga dattawa masu shirin balaguron kogi

An tattauna batun tsofaffin ma'aurata masu son yawo a jirgin ruwa, daga nan su leƙa gidan da suka fara zama. Yawanci kan ciwon gwiwa aka tsaya. A kogunan Turai irin Rayin da Danub, jirage kan jeru gefe da gefe a tasha, sai an hau matakala an ratsa jirgin wasu kafin a taka ƙasa. Mai ciwon ƙafa ya tambaya kafin ya biya. In ruwa ya ja baya, akan kwashi fasinja a bas.

Batun tsohon gida kuwa, ina tare da masu cewa a fara aika wa mazaunansa wasiƙa, kada a yi musu dirar mikiya. Ma'auratan kuma su shirya ransu, wataƙila an sare bishiyar da suka dasa.