Albashin likitan dabbobi a jihar Kaduna: Zariya, Kaduna ko Kafanchan?

Sabon_Dakta ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina gaida manyanmu na wannan sana'a, tare da fatan kowa yana lafiya. Na kammala karatun likitan dabbobi na shekara shida a Jami'ar Ahmadu Bello, hukumar VCN mai kula da aikin likitocin dabbobi a Najeriya ta yi mini rajista, yanzu kuma ina dab da gama hidimar ƙasa, wato alawus ɗin naira 77,000 da nake dogaro da shi ya kusa yankewa. Iyayena suna son in zauna a cikin jihar Kaduna, ni ma haka nake so, amma maganganun da nake ji sun saɓa wa juna. Wasu sun ce a garin Kaduna kuɗi yake, wasu sun ce Zariya ta fi kwanciyar hankali, wani abokin karatuna kuma ya dage cewa Kafanchan ce ba a gano ba tukuna. Shin da gaske albashin likitan dabbobi yana bambanta daga wannan gari zuwa wancan a cikin jiha guda? Idan yana bambanta, mene ne ke kawo bambancin, kuma ina ya kamata mai farawa ya fara ajiye jakarsa?

Tsohon_Ma'aikaci ya amsa:

Wa alaikumus salam, Dakta. Allah Ya sanya albarka a karatu, Ya sa a gama hidimar ƙasa lafiya.

Tambayar da ta kamata ka fara yi ita ce wane ne zai biya ka, domin shi ne yake yanke albashi, gari kuwa daga baya yake shigowa lissafi. Idan gwamnatin jiha ta ɗauke ka aiki, matakin albashinka da shekarunka a aiki su ne ma'auni, saboda haka likitan da aka tura Kafanchan da wanda aka bari a hedikwata a Kaduna, muddin matakinsu ɗaya, abu ɗaya zai shiga asusunsu a ƙarshen wata. Haka abin yake a duk ƙananan hukumomi 23 na jihar. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ma haka yake, sai dai ma'auninsa daban ne. Tun 2009 tarayya ta fito da tsarin albashin likitoci mai suna CONMESS, kuma likitocin dabbobi da ke ma'aikatunta suna cikinsa, yayin da malaman jami'a suke kan tsarin CONUASS. Jihohi kuwa ba dole ba ne su bi tsarin tarayya, kowace takan ɗauki abin da ta ga za ta iya, shi ya sa ƙungiyarmu ta likitocin dabbobi, wato NVMA, ta daɗe tana bin gwamnoni a kan wannan batu. Don haka duk inda aka yi maka tayin aikin gwamnati, ka tambaya a kan wane tsari za a ɗora ka, a wane mataki, kuma waɗanne alawus-alawus ake biya a aikace, musamman na haɗarin aiki da na kiran gaggawa. In da hali, ka roƙi wanda ya riga ka shiga da shekara ɗaya ko biyu ya nuna maka takardar albashinsa, domin abin da ke rubuce a sanarwa da abin da ke sauka a banki ba kullum suke zama ɗaya ba.

Inda gari yake shigowa shi ne wajen irin ma'aikatun da suka taru a cikinsa. Zariya gari ne na tarayya ta wannan fuska: ga tsangayar koyon likitan dabbobi da asibitinta na koyarwa a Samaru, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika. Wanda ya samu shiga ɗaya daga cikinsu ya samu albashi tabbatacce, da damar ƙaro karatu, da fansho, kuma kuɗin haya a Samaru bai kai na unguwannin Barnawa ko Malali a garin Kaduna ba. Matsalar ita ce ƙofar ƙunci gare ta, ana iya shafe shekaru ba a ɗauki sabon malami a sashe ba, kuma garin cike yake da likitoci, tun daga farfesoshi har ɗaliban da ke karatun digiri na biyu. Mai akuya a Zariya ba ya rasa wanda zai duba masa ita da araha, ko ma kyauta saboda maƙwabtaka, wannan kuwa yana karya farashin aiki ga wanda ya buɗe asibitin kansa.

A garin Kaduna akwai ma'aikatun jiha, da cibiyar binciken cutar sammore ta NITR, da kwalejin aikin gona da kiwo ta Mando. Mafi ƙarancin albashi da jihar ta amince da shi a 2024 naira 72,000 ne, kuma likita yana farawa sama da haka nesa ba kusa ba, amma kada wannan ya ruɗe ka, domin haya da kuɗin mota a Kaduna suna cin rabonsu tun kafin ka sayi buhun shinkafa.

Hajiya_MaiKaji ta amsa:

Ni ba likita ba ce, mai gonar kaji ce a wajen garin Kaduna, amma da yake irinmu ne muke biyan likitocin da ba na gwamnati ba, ina ganin ya dace Dakta ya ji daga ɓangarenmu.

Abin da ya sa ake cewa kuɗi yana Kaduna shi ne kaji. Gonaki sun kewaye garin ta hanyar Zariya, da hanyar Kachia, da hanyar Abuja, inda kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da wurin ƙyanƙyasar 'yan tsaki a 2017. Masu kiwo a nan ba su manta cewa a wata gona ta Jaji aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya a 2006 ba, saboda haka duk mai kaji dubu biyu ko uku ya san darajar likita. Yawancinmu ba mu iya ɗaukar likita na dindindin, sai dai mu yi yarjejeniya ya riƙa zuwa lokaci-lokaci ana biyan shi duk wata, kuma likita ɗaya yana iya riƙe gonaki da dama a haka. Wanda nake aiki da shi, idan ya zo, kafin ya shiga keji sai ya tsoma takalminsa a ruwan magani, ya duba littafin rigakafi, ya ɗaga mazubin ruwa ya shinshina, sannan ya yanka mushen da muka ajiye masa ya buɗe cikinsa a gabanmu, ya nuna mana abin da ya gani a hanji da huhu kafin ya rubuta magani. Irin wannan ba a sakin sa, kuma mu da kanmu muke kai sunansa wasu gonakin.

Sai dai kuma samun nan yana hawa yana sauka da farashin masara da waken suya. Lokacin da abincin kaji ya yi tashin gwauron zabo bayan cire tallafin mai a 2023, gonaki da yawa sun rufe, waɗanda suka rage kuma abin da suka fara yankewa shi ne kuɗin likita. Ban da kaji, Kaduna tana da masu karnukan gadi da ke biyan kuɗin allurar haukan kare ba tare da ciniki ba, da dawakin folo, da kamfanonin magani masu neman likita ya zama wakilinsu na talla, inda sau da yawa kamasho yake fin albashin kansa.

Dan_Kudu ya amsa:

Abokin karatunka bai faɗi ƙarya ba game da Kafanchan, amma akwai sharaɗi. Likitoci ba su da yawa a kudancin jihar idan aka kwatanta da dabbobin da ke wurin. Akwai shanun Fulani a makiyayar Ladduga da ke Kachia da kewayenta, kuma yanki ne mai tsando da kaska, don haka sammore da ciwon fata na kirci ba sa yankewa, musamman da damina. Akwai kuma kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan, wadda fatake ke zuwa daga kudancin ƙasar nan, kuma masu wannan kiwo suna matuƙar tsoron zazzaɓin aladu domin yakan share garke gaba ɗaya. Wanda addininsa ko ra'ayinsa bai ba shi damar wannan ɓangare ba, to ya cire shi daga lissafinsa tun farko. Rayuwa ta fi sauƙi, kuma Vom ta jihar Filato, inda ake yin alluran rigakafin dabbobi, ba ta da nisa sosai. Sharaɗin shi ne aikin na kan babur ne, ruga-ruga, kuma akwai wuraren da sai ka tambayi halin tsaro kafin ka kama hanya.

Sabon_Dakta ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba Tsohon Ma'aikaci, idan na fahimce ku, ke nan likitan gwamnati da aka tura karkara yana iya fin na birni samu, tunda albashinsu ɗaya kuma shi ba ya kashewa da yawa? Sannan makiyaya suna biyan kuɗin aiki kuwa yadda ya kamata?

Tsohon_Ma'aikaci ya sake amsawa:

Yana iya finsa, kuma na ga waɗanda suka fi, amma ba kuɗin dubawa ne ya ɗaga su ba. Makiyayi bai saba biyan kuɗi don an duba masa saniya an yi masa bayani ba, abin da ya saba biya shi ne magani da allura. Ranar kasuwa a Anchau ko Makarfi za ka tarar da kwalaben maganin tsutsa da na sammore a baje a kan tabarma cikin rana, mai sayarwa bai taɓa shiga aji ba, kuma yana yi wa saniya allura a kan kuɗin da kai ba za ka iya karɓa ba. Da waɗannan za ka yi gogayya. Likitan da ya ci riba a karkara shi ne wanda ya haɗa aikinsa da shagon magani mai rajista, yana da firij ko akwatin ƙanƙara da ke riƙe sanyin rigakafi, ya koyi Fulatanci gwargwado, kuma ya yi haƙuri har ardo ya ga cewa shanun da ya yi wa rigakafin ciwon huhu sun tsallake shekarar da na maƙwabta suka faɗi. Daga nan kira ba ya yankewa, wani lokaci ma a biya ka da ɗan maraƙi ko tunkiya maimakon kuɗi.

Shawarata gare ka ita ce ka fara da Kaduna na shekara ɗaya ko biyu a ƙarƙashin wani babban likita mai gonaki a hannunsa, ko da abin da zai ba ka bai taka kara ya karya ba, domin a can hannunka zai faɗa da aikin kaji, ka kuma san dillalan magani. Kana cikin haka ka riƙa sa ido a kan gurbin tarayya, musamman yanzu da aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi a 2024, da kuma irin gonar madara da kamfanin Arla ya buɗe a Damau ta ƙaramar hukumar Kubau. Kada kuma ka bari lasisinka na VCN ya wuce lokacin sabuntawa, domin duk waɗannan wurare sai sun nemi ganinsa kafin su karɓi takardunka.