Jarumina ya ƙi kama da na tsofaffin littattafai, ina neman shawarar masu zane

Tela Ɗan Zango:

Assalamu alaikum. Ni tela ne a unguwar Zango nan Damagaram, zane kuwa sai dare nake yinsa bayan na rufe shago. Ina yaro kawuna direba yakan kawo mini tsofaffin littattafan zane daga Yamai, takardarsu ta yi ja, wasu ko bango babu. Ban iya Faransanci ba lokacin, hotunan kawai nake bi, amma har yau suna raina.

Wata uku ke nan ina fama da wani jarumi nawa. Ɗan kokowa ne, da layu a damtse, yana tsaye kan duwatsun Birni. Abokin gabarsa wani attajiri ne mai ɓoye hatsi sai damina ta sauka rumbuna sun ƙare, sannan ya fito da shi. Da bik nake zanawa, in ɗauka da waya, in sa launi a ciki. Sai ya fito sumul kamar tallan sabulu, ba nauyi, ba kwarjini. Me mutanen da suke yi wanda ban yi ba? Kuma wane launi ya dace da mugun?

Baba Mai Allo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na daɗe ina rubuta allunan shaguna, abu na farko da zan ce maka shi ne ka ajiye bik ɗin nan. Layin bik kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, shi ya sa zanenka ya kwanta. Mutanen da fensir suke fara yi, sannan a bi da burushi mai tsinin baki da tawadar Sin. Ka danna, layi ya yi kauri; ka sassauta, ya koma kamar zare. Gefen da rana ke dukan damtse ka bar shi siriri, ƙasan damtsen ka ba shi kauri. Kuma kada ka ji tsoron baƙi. Ƙarƙashin haɓa, inuwar dutse, rabin fuskar attajirinka, cika su baƙi ƙirin.

Ka yi zanen a babbar takarda, A3, ka kai wajen masu fotokofi su rage maka shi. Su ma can haka suke yi, asalin zanen ya fi wanda ake bugawa girma, ragewar ce ke ɓoye rawar hannu.

Kada ka ce za ka yi da tawadar allo don ta fi arha. Na taɓa yi. Gawayi ce da ƙaro, don a wanke ta aka yi ta. Kwana biyu na yi kan wani mahayin doki, ina ɗora ruwan launi fuskar ta narke a gabana. Sannan in hunturu ya shigo tawada na bushewa a bakin burushi kafin ka gama layi, ka ajiye kofin ruwa kusa kana ɗaurayewa.

Hadiza Garin Malam:

Baba ya gama maganar layi, ni ta launi zan yi. Tawada huɗu kawai injin bugawa na da yake da ita: shuɗi, ja mai ɗan ruwan hoda, rawaya da baƙi. Sauran launuka da ƙananan ɗigo-ɗigo ake haɗa su, gaba ɗaya kusan 64 ne. Wayarka kuwa dubbai take ba ka, tana narka wannan cikin wancan. Yaya, ka zaɓi biyar ko shida ka tsaya a kansu. Farin takarda ka mai da shi ruwan ƙasa-ƙasa, ka sa ɗigon a sararin sama da kuma fatar jiki, ka ɗan gusa launin kaɗan ya tsallake layi, don injinan da ba sa daidaita shi cif.

Batun mugu kuma, a Amurka jarumi ja da shuɗi da rawaya yake sawa, kamar Superman da ya fito a 1938, mugaye irin su Joker kuwa kore da shunayya. Amma ni ban ga dalilin kwaso wannan ba. A nan Damagaram ja da kore kayan dogaran Sarki ne, yaro na gani abin da zai fara zuwa masa ke nan. Ni da zan sa wa attajirin farar shadda mai maiƙo, an sha aiki a wuya, bayansa buhunan gero har rufi.

Na Kara-Kara:

Malam tela, roƙo ɗaya gare ni. Kada ka yi wa mugun tsagar wata ƙabila, kada kuma ka ba shi ido ɗaya ko doro. Tsofaffin littattafan sun yi wannan sosai, ba abin gado ba ne. Muguntar ta fito a yadda yake riƙe tiya yana shafe bakinta da hannu.

Jarumin kuma ka yi tsayinsa ya ninka tsawon kansa sau takwas ko ɗan fi. Sai dai ka je filin kokowa da takardarka ka zauna. Ƴan kokowarmu wuya gare su da cinya da faɗin baya, cikinsu ba a yanke yake gida-gida ba.

Tela Ɗan Zango:

Allah ya saka da alheri. Jiya na samo tawadar da burushi, na ɓata takarda bakwai kafin damtse ɗaya ya fito, amma ya fito, har ƙanena ya tambaye ni daga wane littafi na kwafo. Farar shaddar na ɗauka, Malama Hadiza, aikin wuyan ma na san wanda zan zana masa tunda shi nake ɗinkawa kullum. Baba, burushin yana buɗe baki in zan ja layin gira. Nawa ne bai da kyau, ko tawadar nake cika masa?