Tambaya: awon amoniya ya saɓa wa aikin katalis ɗina na tangistin da zirkoniya

Ɗalibar Kimiyya:
Assalamu alaikum malamaina. Na ɗora oksid ɗin tangistin a kan zirkoniya, na haɗa samfura biyu na katalis, wato abin da ke hanzarta aikin sinadarai, ɗaya mai tangistin kaɗan, ɗaya mai yawa, na gasa su duka a digiri 800 na ma'aunin Celsius. Da na shayar da su amoniya, na riƙa ƙara zafi ina auna abin da ke fita, sai na ga mai tangistin kaɗan ya fi riƙe amoniya idan aka lissafa bisa faɗin fuskarsa, amma a gwajin cire ruwa daga butanol mai yawan ne ya fi aiki nesa ba kusa ba. Shin awon ne ya lalace?

Malam Tanimu:
Wa alaikumus salam. Awonki lafiya lau yake, ƙanwata, sai dai kin tambayi amoniya abin da ba za ta iya faɗa ba. Amoniya tana kama kowane gurbin asid, na Brønsted mai bayar da firoton da na Lewis mai karɓar tagwayen ilektron, ba ta rarrabewa. Fuskar zirkoniya kuwa cike take da guraben Lewis, saboda haka a samfurin da tangistin bai rufe ta ba, yawancin amoniyar da kika ƙirga a jikin zirkoniya ta maƙale, alhali aikin da kike gwadawa ya fi dogara ga guraben Brønsted. Ki koma ga firidin, wani sinadari da shi ma yake kama guraben asid, ki auna da na'urar hasken infirared, hanyar da masani Parry ya bayyana tun 1963: alamar da ke wajen 1540 cm⁻¹ ta Brønsted ce, ta wajen 1450 ta Lewis ce, ta 1490 kuma dukkansu suna da hannu a cikinta, don haka kada ki yi lissafi da ita.

Hajiya Injiniya:
Na goyi bayan Malam, amma akwai tarko a gyaran samfurin. Idan ba a dumama shi an kore danshi kafin a saka firidin ba, ruwa yana zama a kan guraben Lewis, har ya mayar da wasu na Brønsted, sai ki samu sakamakon da ba na katalis ɗin ba. Bayan shayarwa kuma a zuƙe iskar a wajen digiri 150, domin firidin da ya rataya kawai ba tare da kamu na gaske ba yana fitowa dab da alamar Lewis, ya kumbura ta. Wajen mayar da faɗin alamar zuwa adadin gurabe, da yawa suna amfani da alƙaluman masani Emeis na 1993, wato 1.67 na Brønsted da 2.22 na Lewis, sai dai a kan ziyolait da silika mai alumina aka auna su, kuma a ganina wajibi ne ki faɗi hakan a rubutunki.

Dakta B.:
Abin da ya fi damuna, 'yar'uwa, shi ne ba ki faɗi yawan tangistin a kowace nanomita mai murabba'i ba. Kashi cikin ɗari na nauyi ba ya nuna komai, tunda tangistin yana hana zirkoniya cushewa a lokacin gashi, faɗin fuskar samfuran naki ba ɗaya ba ne. Shimfiɗa ɗaya ta tangistin tana cika fuskar zirkoniya a wajen ƙwayar zarra huɗu zuwa biyar a kowace nanomita mai murabba'i, kuma guraben Brønsted masu ƙarfi suna yawaita ne idan ƙwayoyin suka fara haɗuwa dunƙule-dunƙule, domin dunƙulen yana iya baza cajin da firoton ya bari. Idan aka zarce da yawa sai kiristal na WO₃, wato oksid ɗin tangistin, ya bayyana, aikin ya ragu. Awon na'urar hasken Raman zai nuna miki shi a wajen 805 da 715 cm⁻¹. Wasu guraben ma sai ana cikin aikin suke samuwa, don haka in kina da hali ki riƙa zuba firidin mai manyan rassa biyu na butil cikin butanol ɗin, wanda girmansa ke hana shi kama guraben Lewis, ki ga adadin da zai tsayar da aikin.