Ruwan famfonmu ya canza tun da damina ta kankama, a taimaka mini da shawara

Uwar 'yan biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Muna zaune a wani ƙaramin gari a Jihar Jigawa. Ruwanmu daga rijiyoyin burtsatse ake tura shi babban tanki, daga nan ya biyo bututu zuwa gidaje. Sau biyu ko uku ake sakin sa a mako, yawanci da asuba. Shekara shida muna sha lafiya lau. Amma bana tun da ruwan sama ya yi ƙarfi, in an sako shi sai ya fara zuwa da dauɗa, har da wari irin na kwata, sai an zubar da kamar bokiti biyu sannan ya washe. Wanda ya washe ɗin ma in ya kwana sai a ga wani ja-ja ya kwanta a gindin bokiti, fararen rigunan makarantar yara duk sun rine.

Abin da ya hana ni barci shi ne 'yan biyuna, shekararsu biyu da rabi, sau biyu ke nan suna gudawa cikin wata guda. Gidan da ke kallon namu ma haka. Maigida ya ce mu koma ruwan leda, muka gwada mako ɗaya muka ga ba za ta ɓulle ba, mu tara ne a gidan. Surukata ta ce in riƙa jefa alif. Ina jefawa, ruwan yana yin garau, amma raina bai kwanta ba. Don Allah me zan yi?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaran lafiya. 'Yata, surukarki ba ta faɗi ƙarya ba. Mu ruwan tafki muka tashi muna sha, alif ne ko garin 'ya'yan zogale ake zubawa, laka ta kwanta, a tace da farin ƙyalle. Kada dai ki cika alif ɗin, yana sa ruwa tsami.

Malamar jinya:
Hajiya, a gafarce ni in ɗan ƙara a kan maganarki. Alif da zogale aikinsu tattara laka ne su kwantar da ita. Suna rage ƙwayoyin cuta, amma ba sa kashe su. Ruwa zai iya yin garau kamar hawaye alhali yana ɗauke da kwalara ko taifot, domin ido ba ya ganinsu. Tacewar mataki ne na farko, dole a bi shi da na biyu.

Uwar 'yan biyu, tun daga yau ruwan da yaran za su sha ki tafasa shi, ya tafasa sosai yana ɓalɓala na minti ɗaya, ya huce a cikin tukunyarsa a rufe. Na san tsadar itace da gawayi, don haka na sauran gida ki nemi maganin ruwa na kulorin a kemis, akwai na kwalba irin WaterGuard, akwai na ƙwaya irin Aquatabs. Ki karanta awon da aka rubuta a jiki, ki zuba a jarka, ki girgiza, ki bari minti 30 kafin a sha. In kin ji ɗan ƙamshin bilic kaɗan, shi ake so. Amma sai kin fara kwantar da lakar, domin dauɗa tana cinye kulorin kafin ya kai ga ƙwayoyin cutar.

Game da gudawar kuma, ki ajiye ORS, wato garin gishiri da sukari na kemis, da ƙwayar zinc a gida. Zinc ɗin ana ba da shi kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. In dare ya yi babu ORS, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Idan kika ga kashin ya koma kamar ruwan shinkafa, ko idon yaro ya faɗa, ko ya kasa sha, ko akwai jini, kada ki jira gari ya waye. A shekarar 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a ƙasar nan, sama da 3,600 suka rasu, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani tare da Bauchi da Kano da Zamfara. Na yi aiki a ɗakin masu amai da gudawa a daminar waccan shekarar, na ga babban mutum ya shigo da ƙafarsa da safe, kafin la'asar ruwan jikinsa ya ƙare. Balle yaro.

Baba mai gyaran famfo:
Shekarata sama da talatin ina haɗa bututu, kuma daga bayaninki na kusa rantsewa ba daga rijiyar matsalar take ba. A hanya take. Bari in faɗa miki yadda abin ke faruwa.

Bututun da ke cike da ruwa kullum, ko ya tsage, waje yake feso ruwa, dauɗa ba ta samun shiga. Amma namu da ake saki yau a ɗauke kwana biyu, da zarar an kashe inji sai ruwan ciki ya gangara ƙasa, bututun ya koma zuƙa kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinke. Duk inda akwai tsaga ko mahaɗar da ta saki, abin da ke kewaye da wurin shi zai shiga. Da rani ƙasa busasshiya ce, iska kawai yake ja. Da damina kuwa kwata ta cika ta batse, masai ya yi ambaliya, shi ke nan. Ranar da aka sako ruwa sai ya koro wannan ƙazantar zuwa gidanku. Shi ya sa bokiti biyun farko suke wari.

Ki tura maigida ya bi layin tun daga bakin famfonku har inda ya haɗu da babban bututu. Mutanenmu ba sa son biyan kuɗin haƙa, sai a ɗauko siririn bututun roba a shimfiɗa a cikin kwata saboda nan ne hanya ta fi sauƙi. In ya fashe a naɗe shi da tsohon tib na keke. Ya duba wuraren da ruwa ke tsartuwa lokacin da aka sako, nan ne ƙofar. Sannan ku bincika ko akwai wanda ya ɗaura injin zuƙo ruwa kai tsaye a kan layin, domin shi yana cika tankinsa, amma yana ƙara wa bututun unguwa duka ƙarfin zuƙa.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki: don ya washe bayan bokiti biyu, ba yana nufin bututun ya wanku ba. Warin ne kawai ya tafi.

Uwar 'yan biyu:
Baba, wallahi kamar kana gidan. Namu ta cikin kwatar ƙofar gida ya bi, kuma akwai inda aka ɗaure da roba. Ban taɓa kawo shi a raina ba. To jan da ke kwanciya fa?

Malamin kimiyya:
Wannan daban ne, 'yar uwa, kuma shi ne mai sauƙin. Mafi yawa sinadarin ƙarfe ne. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan fito da shi a narke, ba a ganinsa, sai ya haɗu da iska sannan ya koma tsatsa ya kwanta. Tsohon bututun ƙarfe ma yana kawo haka. Da ya wuce miligiram 0.3 a lita yake fara ɓata tufafi da ɗanɗano, amma ba shi ke sa yara gudawa ba. Ki bar ruwan ya kwana a buɗe da ƙyalle a baki, da safe ki tsiyaye na sama, da shi za ki wanke fararen kaya.

Abin da nake so ku yi a unguwa shi ne gwaji. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya, wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ta ce kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100. Ita wannan ƙwayar daga hanji take fitowa, in an gan ta to bahaya ya shiga ruwan, babu wata fassara. Ku tuntuɓi ɗakin gwaji na hukumar ruwa ta jiha, ko ku tambaya a sashen nazarin ƙananan halittu na Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Bayero. Su za su ba ku kwalbar ɗiba, kada ku yi amfani da gorar lemo. A ɗiba daga wuri uku: bakin tanki, famfon gida, da randa. A sa cikin kula da ƙanƙara a kai a ranar, cikin awa shida in da hali. Sakamakon wurare ukun nan shi zai nuna muku a ina ruwan ke lalacewa.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. In za ku kai gwajin, don girman Allah ku ce a auna har da sinadarin fulorayid. Mu nan mun ga abin da ido bai so gani ba. A Tibiri, kusa da Maraɗi, an buɗe foraji, wato burtsatse a wajenku, a 1985. Ruwa fari tas, ba wari, ba ɗanɗano, mutane suka yi murna sun rabu da rijiya. Ashe fulorayid ɗin da ke ciki ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, miligiram 1.5 a lita, fiye da sau uku. Kusan shekara 15 ana sha. Dubban yara haƙoransu suka yi ja, da yawa ƙafafunsu suka lanƙwashe, wasu har yau da nakasar suke rayuwa. Tafasawa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi tunda ruwan ne ke ƙonewa shi ya zauna. Kulorin ma ba ruwansa da shi. Ban ce naku haka yake ba, amma ki duba haƙoran yaran garin da aka haifa suka tashi da ruwan tankin. In kin ga da yawa suna da ɗigo-ɗigon fari kamar alli ko ja, kada ku yi shiru.

Malamin kimiyya:
Gaskiya ne, a wajen Kaltungo ta Jihar Gombe ma an san jan haƙorin nan. A haɗa da sinadarin naitiret a gwajin, iyakarsa miligiram 50 a lita. Daga masai da takin zamani yake sauka, jarirai ya fi cutarwa, shi ma tafasawa ba ta maganinsa.

Alhaji mai shago:
Ni dai shawarata ku manta da famfon gwamnati. Ku haɗa kuɗi ku haƙa taku a gida, kafin nan ku riƙa saye wajen 'yan garuwa.

Duba-gari mai ritaya:
Alhaji, ban goyi bayan wannan ba. Ɗan garuwa daga ina ya ɗebo? Ka taɓa leƙa cikin jarkarsa? Wasu har gansakuka ta fito. Rijiyar gida kuma, ƙa'idar da muka yi aiki da ita ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninta da masai. Gida nawa ne a cikin gari ke da wannan filin? In ka nisanta da naka, ka kusanci na maƙwabci. Sannan in masu hali duk suka janye, wa zai tsaya a gyara wa marasa hali?

Ƙanwata, ni randarki nake so ki duba. Sau da yawa ruwa yakan iso gida lafiya, a randa yake lalacewa. Moɗa ɗaya ce kowa ke tsomawa, yaro ya taso daga wasa ya zura hannu har wuyan hannu, a sha a mayar, wani lokaci a ajiye ta a ƙasa. Ko kin tafasa ko kin sa magani, wannan zai mayar da aikinki baya. Ruwan sha ya koma jarka mai ƙaramin baki, a riƙa tsiyayawa. In kuma sanyin randa kuke so, a sa mata murfi, a sami ludayi mai dogon hannu a rataye shi, kofin sha daban. A wanke ta duk mako.

Batun hukuma kuma, kada mutum ɗaya ya je. Ku rubuta gidajen da aka yi gudawa da ranakun, ku ɗauki hoton bututun a cikin kwata, ku ɗibi ruwan farko a farar kwalba. Maza su je wurin mai unguwa, shi ya jagorance su ofishin ruwa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, da takarda a hannu, a buga musu hatimi a kwafi ɗaya su dawo da shi. Ku tambaye su kai tsaye ko ana zuba kulorin a tankin, da kuma yaushe aka wanke shi. Ya kamata a sami kulorin aƙalla miligiram 0.2 a lita a bakin famfon gida na ƙarshe, kuma awonsa bai fi minti biyu ba.

Maƙwabciya daga Kazaure:
Tambaya nake da ita ga malamai. Ruwan farkon nan mai wari, ya halatta a yi alwala da shi? Mu ma muna ganin irinsa.

Malam na zaure:
A mazhabarmu ta Malikiyya, ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya canza saboda najasa ba a alwala ko wanka da shi. Wanda ya canza saboda abin da ke mazauninsa, kamar ƙasa ko jan ƙarfen da aka ambata, yana nan da tsarkinsa. Mai warin kwata dai a zubar. Wallahu a'alamu.

Uwar 'yan biyu:
Na dawo in sanar da ku. Maigida da maƙwabcinmu sun bi layin ranar Asabar da aka sako ruwa, suka sami wuri huɗu yana tsartuwa tsakanin gidanmu da bakin titi, biyu a tsakiyar kwata. Gida biyar muka haɗa kuɗi aka sayo sabon bututu, aka ɗauke shi daga kwatar aka binne ta gefen katanga. Jiya da aka sako babu warin, sai ɗan duhu kaɗan. 'Yan biyu tafasasshe nake ba su, yau kwana tara ba gudawa, alhamdu lillahi. Randa na mayar da ita ta girki, Hajiya kuma ban daina alif ba, bayansa nake sa maganin.

Mai unguwa ya karɓi takardar, gida goma sha ɗaya suka sa hannu, Litinin za su je ofis. Gwajin ne ba mu kai ba tukuna, ana tambayo kuɗinsa. Ɗan Maraɗi, na duba bakin manyan yarana da na maƙwabta ban ga ja ba, amma na sa an rubuta fulorayid ɗin a takardar. Malam na kimiyya, in sakamako ya fito zan turo hotonsa ka karanta mini, don ba zan gane lambobin ba.