Ina tsoron ɗaukar 'yata saboda wani tunani da ke faɗo mini

Tambaya (an sakaya suna):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da haihuwata ta fari. Tun satin farko, in na ɗauki yarinyar zan sauko daga bene, sai in ga kamar ta suɓuce daga hannuna. Daga baya abin ya munana. Ina riƙe da wuƙa sai zuciya ta raya mini abin da ba zan iya rubutawa ba. Wallahi ko ƙuda ba na so ya sauka a kanta. Na kwashe wuƙaƙe na kulle, na daina yi mata wanka sai da mutum a kusa, kuma ba na yarda in zauna shiru, waya nake latsawa har biyun dare. Amma kullum ƙaruwa yake yi. Ko maigida ban faɗa wa ba. Anya ba taɓin hankali ke shirin kama ni ba? Yaya zan kore shi gaba ɗaya?

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam 'yata. Waswasi ne. Ki riƙe addu'a, ki cire shi daga ranki, ki sami abin da zai ɗauke miki hankali. Allah ya raya yarinya.

Mai tambaya:
Amin Hajiya, na gode. Ai cirewar nake yi tun da safe har dare, ita ce ma ta gajiyar da ni.

Malamin Halayyar Ɗan'adam:
'Yar'uwa, amsarki ga Hajiya ita ce zancen. A 1987 wani masani Ba'amurke, Daniel Wegner, ya zaunar da ɗalibai ya ce na minti biyar kada su tuna farar dabbar nan ta ƙasar ƙanƙara, beyar, duk sanda ta faɗo musu su buga ƙararrawa. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa. Da aka sake musu mara, sai suka fi waɗanda ba a taɓa hanawa ba yawan tuna ta. Bayaninsa shi ne, in kin ce ba za ki tuna abu ba, dole wani sashe na ƙwaƙwalwa ya tsaya gadi yana leƙawa ko abin ya zo, leƙen nan kuwa shi ke ajiye shi a bakin ƙofa. In ga gajiya da rashin barci, mai gadin ya fi mai korar ƙarfi.

Tunanin kansa ba baƙon abu ba ne. A 2014 Adam Radomsky da abokan aikinsa sun tambayi ɗalibai 777 a ƙasashe 13, kusan 94 cikin 100 suka ce irin wannan kutsen yana faɗo musu. Bambancin yana wajen abin da mutum ya yi da shi. Wani ya ce "kai, shirme" ya wuce. Ke kin kulle wuƙa, kin ji sanyi a ranki na ɗan lokaci, sai ƙwaƙwalwa ta rubuta cewa da gaske akwai haɗari, kullewar ce ta cece ku. Gobe sai ta nemi ƙari: yau wuƙa, gobe wanka, jibi ɗaukar ma.

Steven Hayes na Jami'ar Nevada da abokansa sun yi rubutu a 1996 cewa wannan gudun abin da ke cikin rai yana ratsa cututtuka da dama. Wanda ya yi haɗarin mota ya daina bin titin, mai firgita ya daina shiga taro, mai baƙin ciki ya koma shaye-shaye don kada ya ji. Ba shi kaɗai ke haddasa su ba, amma yana cikin abin da ke hana su warkewa.

Hajiya Babba:
To Malam, yanzu sai a bar mugun tunani ya shimfiɗa tabarma a zuciyar mutum?

Malamin Halayyar Ɗan'adam:
Ba a ce ta yarda da shi ba, Hajiya, kuma ban hana addu'a ba. Cewa aka yi ta daina kokawa da shi. In ya zo ta ce a ranta "ga tunanin nan ya sake zuwa", ta ci gaba da abin da hannunta ke yi. Addu'ar ma, in ta koma sai an maimaita sau kaza kafin a iya taɓa yarinya, to ta zama wata kullewar wuƙar.

Uwar Biyu:
Ƙawata, kamar ni kika rubuta. Nawa ruwan wanka ne, gani nake zan saki yaron a ciki. Wata bakwai ina ɓoyewa, har na rame. Da na je wajen likitan ƙwaƙwalwa ban iya faɗa ba, a takarda na rubuta na miƙa masa ina kuka. Ko gezau bai yi ba, ya ce OCD ce, wato cutar da tunanin da ba a so ke nace wa mutum har ya riƙa maimaita wasu abubuwa don ya sami sauƙi, kuma yana ganin irinta ga masu jego sosai. Aka haɗa ni da mai ba da shawara, muka jera abubuwan da nake gudu daga ƙarami zuwa babba. Satin farko tsayawa kawai nake yi kusa da baho da yaron a hannu, ba kiran kowa, ba girgiza kai. Gabana ya yi ta dukan uku-uku, amma in na daure sai ya lafa da kansa. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne daina tambayar yayata "kin tabbata ba zan yi ba?" Ashe ita ma tambayar gudu ce. Har yau yakan leƙo jefi-jefi, sai dai ba ya tayar mini da hankali.

Ungozoma:
Ƙanwata, tunanin da ke tsorata ki, kike ƙyamarsa, daban yake da cutar da ke gusar da hankalin mai jego, wadda ke samun mace 1 zuwa 2 a haihuwa 1,000, galibi a makonni biyun farko. Amma in kin fara jin muryoyi, ko kin kwana biyu ba barci ba kuma gajiya, ko tunanin ya fara yi miki kama da gaskiya, ko kina jin gara ki mutu, asibiti a ranar, ba jira. Ko babu ɗaya cikin waɗannan ki je cikin satin nan, don baƙin cikin bayan haihuwa yakan zo tare da shi, kuma akwai magungunan da mai shayarwa ke iya sha in likita ya rubuta. Wayar biyun dare kuma a rage ta.

Mai tambaya:
Na karanta duka ina hawaye. Abin da ya rage mini shi ne maigida. Ina tsoron ya ɗauke yarinyar daga hannuna.

Uwar Biyu:
Ni ma tsoronsa na ji. Kada ki fara da zancen wuƙa. Ki ce masa tun haihuwa tsoro ya hana ki sukuni, kina so ya raka ki asibiti. Sauran likita ya yi masa bayani a gabanki. Kuma ki roƙe shi tun yanzu kada ya karɓe miki wankan don tausayi, nawa haka ya yi, ya ƙara mini wata biyu.