Neman kalma: reshe ya yi saiwa tun yana jikin uwarsa, me Bahaushe zai ce?

Malamin Gona: Assalamu alaikum jama'ar gida. Roƙo na zo da shi, kuma lokaci ya ƙure mini. Jibi Alhamis muna da bita ta masu lambu da matasa a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu. Takardar darasin da Turanci aka turo, aka ce in mai da ita Hausa, gobe kafin la'asar zan kai wa mai buga takardu a Dutse. Komai ya tafi lafiya sai shafi na 4, nan kalma uku suka tsaya mini a maƙoshi.

Ta farko abin da Turawa ke kira eya leyarin, wasu littattafan aikin gona su ce makotin. Ka zaɓi reshe yana jikin bishiya, ka zagaye ɓawonsa da wuƙa ka cire kamar zobe, ka kankare wurin, ka naɗe da abu mai danshi, ka ɗaure da leda. In saiwa ta fito sai ka sare ka dasa. Ta biyu bonsai, bishiyar nan da mutanen Japan ke renonta a ɗan kasko ta tsufa ba ta wuce gwiwa ba. Ta uku wani salo na bonsai ɗin, mai jiki biyu daga gindi ɗaya. Misalin takardar shi ne: mutum yana da bishiya wadda ƙasanta ya yi zalalau ba fasali, amma can sama ta yi gwafa mai kyau. Sai ya yi ɗaurin daidai ƙarƙashin gwafar, saiwa ta fito, ya yanke, gwafar ta koma gindi. A taimaka.

Ɗan Kazaure: Dashen sama. An gama.

Ɗalibar Hausa: Dashen iska fa? Tunda kalmar farko ta Turancin iska take nufi.

Mai Lambun Gwaram: A'a 'yata, kada ki soma. In aka ce wa mutanenmu dashen iska, aikin banza za su ji, ko su ɗauka da mutanen ɓoye ake yi. Ni shekara da shekaru ina yi wa gwaiba da lemon tsami, ɗauri kawai muke cewa. "Na yi ɗauri talatin bana." Kowa ya gane.

Ɗan Kazaure: Baba ɗauri ai ya yi yawa. Ɗaurin aure, ɗaurin kai, ɗaurin rai da rai.

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar malaman gona markotaji suke cewa, daga Faransanci. Amma ban ce ku ɗauka ba, ko a nan tsofaffi ba su riƙe ta.

Ustazu: Larabawa suna da ita tuntuni, tarƙidi, wato kwantarwa. Tun da mun karɓi alƙalami da littafi da sabulu daga wajensu, wannan ma ba za ta gagara ba.

Malamin Gona: Allah ya gafarta Malam, kwantarwar ta dace da ɗaya hanyar, wadda ake lanƙwaso reshe a binne tsakiyarsa a ƙasa. Ita ma tana shafi na 3, "kwantar da reshe" na sa mata. Wannan kuwa reshen a tsaye yake, ƙasar ce ake kai masa.

Maman 'Yan Biyu: Ni da na karanta bayanin ƙunshi na gani. A kwaɓa, a shafa, a naɗe da leda, a ɗaure, a hana shan iska, a jira ya kama. Ƙunshin reshe. Ba macen da za a yi wa bayani sau biyu.

Ɗan Kazaure: Kaciya dai, Hajiya. Ba ki ga zoben da ake cirewa ba? 😂

Tsohon Hedimasta: Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma raina bai yi daɗi ba. Harshen da aka yi wa ƙamus mai shafi fiye da dubu tun 1934, harshen da ya yi jarida tun 1939, shi ne yau 'ya'yansa suke bara a ƙofar Faransa da Makka, wasu kuma suna neman kalmar kimiyya a ɗakin amarya? Hausa tana da injin ƙera kalma. Daga zamani mun sami zamanantarwa, daga Musulmi musuluntarwa. To daga saiwa sai SAIWANTARWA. Na saiwantar da reshe, an saiwantar, a saiwantar. Ɗana Malamin Gona, rubuta wannan ka huta.

Ɗalibar Hausa: Baba ranka ya daɗe, ginin kalmar ba laifi a nahawu. Matsalar ma'ana ce. Wanda ya saro reshen ceɗiya ya kafa a ƙofar gida da damina, shi ma saiwantarwa ya yi. Mai dasa rogo ma haka. Kalmar ba ta ware wannan aikin daga sauran ba.

Tsohon Hedimasta: Sai a ce saiwantarwar sama. 'Yata, ina koyar da nahawu tun ba a ɗaura auren iyayenki ba.

Mai Lambun Gwaram: Yallaɓai, da girmanka, na gwada faɗinta sau uku a nan bakin rijiya, yarona ya tambaye ni ko lafiya. Ni abin da na sani, da aka kawo mana haɗa mangwaro ba wanda ya zauna ya ƙera kalma. Masu lambu suka ce aure. Yau daga Kano har Hadejia ka ce mangwaro ɗan aure, ko yaro ya san wanda ake nufi, har kuɗinsa daban. To in wancan aure ne, wannan yaye ne. Reshe yana shan uwa har ya yi ƙafafunsa, sannan a cire shi. Kuma in ka cire ba rana za ka kai shi ba, sai ka rage masa ganye ka ajiye a inuwa mako biyu ko uku, kamar yadda ake kai yayayye gidan kaka.

Maman 'Yan Biyu: Kai Baba, wannan ta zauna! Na janye ƙunshina rabi.

Malamin Gona: Yayen ta burge ni, sai dai ku duba yadda abin yake. Ruwa ta cikin itacen yake hawa, shi ya sa reshen ba ya bushewa ko an cire ɓawo. Abincin da ganye ke haɗawa kuma ta ƙarƙashin ɓawo yake saukowa. Da ka cire zoben ka datse masa hanya, sai ya taru a leɓen yankan na sama, wurin ya kumbura, saiwa ta ɓullo daga nan. Shi ya sa ake kankare ɗan santsin nan da ke manne da itace, in ka bar shi ɓawo zai sake haɗewa, aiki ya tashi a banza. Ke nan duk tsawon watannin nan ba a yi yaye ba tukuna. Yaye ranar yanka ne kawai. Ni kuwa sunan aikin gaba ɗaya nake nema, na kan shafi.

Tsohon Hedimasta: Kun gani? Ba ga shi ba? Kalmar kasuwa rabin aiki take ɗauka. Saiwantarwa ta haɗe farko da ƙarshe. Haka kuka yi da na'ura mai ƙwaƙwalwa, aka yi muku kalma mai kyau kuka watsar kuka kama kwamfuta. Raina kai ne, ba komai ba.

Ɗan Kazaure: Baba, wayar da kake rubutu da ita yanzu, tafi-da-gidanka kake ce mata in za ka aiki jika ya kai caji?

Tsohon Hedimasta: Yanar gizo fa? Wa ya ƙera ta? Ba ga ta nan a bakin kowa ba? Yaran yanzu ba ku da kunya.

Ɗalibar Hausa: Yanar gizo ta rayu ne don kowa ya taɓa ganin gizo-gizo da saƙarsa, Baba. Ba sabuwar kalma ba ce, tsohuwa ce aka ba sabon aiki. Ƙanjamau ma daga ƙanjamewa ta fito. Hujjar Baba Mai Lambu ce wannan, ba taku ba.

Tsohon Hedimasta: A kai maganar cibiyar nazarin harsuna ta Jami'ar Bayero su raba mu. Su ne masu ƙamus. Ba a zaure ake yanke hukuncin harshe ba.

Ɗan Hadejia: Ga ta nan kuma. Komai sai an kai Kano an buga masa hatimi? Bitar a Jigawa za a yi. Ko gwaibar da kuke ta rubutawa, wasu goba suke cewa, wasu gwaba, kuma ba wanda ya fasa ci.

Ɗan Kazaure: Daidaitacciyar Hausa dai a kan karin Kano aka gina ta, ko ka so ko ka ƙi.

Ɗan Hadejia: Kai da kake Jigawa kake faɗin haka? Allah ya shirya.

Ɗan Damagaram: Ku dai ku yi ta yi, mu 'yan kallo ne. Da muka kawo tamu cewa aka yi bara.

Mai Kula da Zaure: Jama'a a dawo kan hanya. Bawan Allah gobe zai kai aiki, kuma kalma biyu ba wanda ya ko taɓa su.

Malamin Gona: Na gode shugaba. Bonsai fa?

Ɗan Kazaure: Wadan itace.

Maman 'Yan Biyu: A'a, kalmar tana da ciwo, akwai masu wannan halitta a cikinmu. Kuma ba haka aka halicci bishiyar ba. In ka fitar da ita daga kasko ka dasa a fili girma za ta yi kamar 'yan uwanta. Aski da rage saiwa da ƙuncin kasko ne suka riƙe ta.

Ustazu: Tsumburarriya.

Ɗalibar Hausa: Allah ya gafarta Malam, tsumburewa ai rashin lafiya ne, wannan kuwa lelenta ake yi. Kalmar a Japananci guda biyu ce aka haɗa, faranti da shuka, kuma su ma daga Sin suka samo sana'ar. Bishiyar kasko ta yi daidai da asalin. Ko a bar ta bonsai, tunda Turawan ma aro suka yi ba su fassara ba.

Mai Lambun Gwaram: Ni dai har yanzu ban gane amfaninta ba. Ba inuwa, ba 'ya'yan kirki, ba makamashi. Amma wani mai sayen fulawa daga Kano ya taɓa ɗaukar wata 'yar kariya mai ƙaton gindi da na yasar a tsohuwar tukunya, ya ba ni kuɗin da ya fi na dashen gwaiba goma. Tun ranar na daina dariya da ƙarfi. In yara za su gwada su fara da ceɗiya ko durumi, su ba su da gardamar saiwa. Gwaiba takan kai wata biyu, wani lokaci ta ɗara. Kuma a gaya musu da damina ake yi. Da bazara ledar dafa reshen take, da hunturu kuma ƙunshin ya bushe ƙamas. Dusar katako da ta kwana a ruwa, a gauraya da ɗan taki da ya ruɓe, a matse har sai ba ta ɗiga. Faɗin zoben kamar kaurin reshen, ko ya ɗan fi. A ɗaure sama da ƙasa tamau da robar tayar keke saboda tururuwa.

Maman 'Yan Biyu: Baba ka lura? "Ƙunshin ya bushe" ka ce da bakinka. 😄

Mai Lambun Gwaram: Subutar baki ce.

Ɗalibar Hausa: Subutar bakin nan ita muke nema tun azahar.

Malamin Gona: Saura ta uku. Tagwaye na fara rubutawa.

Maman 'Yan Biyu: A matsayina na mai su, ban yarda ba sai na ga hoton. Kai ɗaya suke?

Malamin Gona: A'a Hajiya. Ƙa'idar salon, sokan suke ce masa, dole ɗaya ya fi kauri da tsawo, kuma su rabu tun daga ƙasa, ba a tsakiya ba. In suka zo daidai wa daida ma aibi ne a wurinsu.

Maman 'Yan Biyu: To wa da ƙani ne, ba tagwaye ba.

Ɗan Hadejia: Uwa da ɗa.

Ɗan Kazaure: Uwargida da amarya. Gida ɗaya, kowa na kallon gabansa.

Mai Kula da Zaure: Ɗan Kazaure, gargaɗi na ƙarshe.

Tsohon Hedimasta: Tagwaitacciya. Daga tagwaye. Amma na san ba za ku ɗauka ba.

Malamin Gona: Jama'a dare ya yi, ga abin da na tsayar. Kan shafi: Ƙunshin reshe. Ranar yankewa: yaye. Bonsai na bar ta da sunanta, na bi ta da "wato bishiyar kasko" a karon farko. Ta uku ban sami kalma ɗaya ba, na rubuta "mai gwafa tun daga gindi, wa da ƙani". Ba ta yi mini daɗi ba amma za a gane. Baba Hedimasta, a yi mini afuwa.

Tsohon Hedimasta: Ban yarda ba, kuma a rubuta cewa ban yarda ba. Maza za su yi dariya in an ce su zo su koyi ƙunshi. Amma tunda takardarka ce, ka sa saiwantarwa ko a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe, masu ilimi su gani.

Malamin Gona: An sa, ranka ya daɗe.

Mai Lambun Gwaram: Ni ɗauri zan ci gaba da cewa a lambuna. Alhamis ɗin ƙarfe nawa ne? In zo da wuƙata ko akwai?

Malamin Gona: Ƙarfe 10, Baba. Ka zo da ita, da leda fara in da hali, don su riƙa ganin saiwar ta ciki. Yanzu mai buga takardun ya kira, wai kwamfutarsa ba ta da baƙaƙe masu lanƙwasa, ko zai iya sa kunshi da bawo haka nan.

Tsohon Hedimasta: Ba ni lambarsa.