Wace kalma zan sa a madadin "shade" a katin fenti?

Mai Haɗa Fenti: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan miƙa wa maɗaba'a katin launukan da na haɗa, dukkansu da sunayen Kano: Jan Ganuwa, Makuba, Ƙurar Dala, da shuɗi guda shida da na ɗauko daga marinar Ƙofar Mata. A birnin nan aka haife ni, kuma ina so in ga maigida ya shigo shago ya nemi launin garinsu da sunan da ya sani. Matsalata shuɗin nan ne: kala ɗaya ce, tana tashi daga mai haske zuwa mai duhu. Bature ya ce "shade". Me zan rubuta a saman layin?

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam. Kar dai a ce inuwa, sai a zaci ta bishiya ce. Mataki fa? Matakin launi na 1 zuwa na 6.

Tela: Mu a Kantin Kwari cewa muke ya ciza. Shuɗi mai cizawa, ja mai cizawa. Sa cizawa kawai, kowace mace ta gane.

Malamar Firamare: Cizawa ta mai duhu ce kaɗai. Yaya za ka kira mai hasken? Cizawa ta 1 alhali bai ciza ba?

Jikan Marina: Yaya, tunda daga marina ka ɗauko launin, ɗauko kalmar ma daga can. Baba da toka da kanwa ake zubawa a karofi a bar su su tsima. In an tsamo zane, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a hannunka. A sake tsomawa, a sake shanyawa, yana ƙara duhu, har ya kai inda marina ke ce masa baƙi ko da yake shuɗi ne. A nan ake cewa ya turu. To, turuwa. Turuwa ta 1 har ta 6.

Malam Mai Nahawu: Kafin a kai nan, ɗana, ka buɗe magana da "kala", alhali muna da launi. Shi kansa fenti aro ne. Ga wanda ke tutiyar Kano bai dace ba. Shawarata a ce "tsomi", daga tsoma: tsomi ɗaya, tsomi biyu. Gajeriya ce, ta hau ƙa'ida kamar yadda ɗinka ta ba da ɗinki. Fenti kuma a ce "shafen bango".

Tela: Allah gafarta Malam, tsomi ya yi kusa da tsimi. Mai saye zai ɗauka magani ake tallatawa.

Malam Mai Nahawu: Kusancin sauti ba hujja ba ne. Wuya na jiki da wuya ta wahala fa? Wa ya taɓa ruɗewa? Idan kullum muka jira sai kasuwa ta yarda, ba za mu ƙirƙiri komai ba. Haka aka bar yara suna cewa ruwan omo, sunan garin sabulu, suka manta algashi da shunayya da tsanwa.

Bakatsine: Ni abin da ya tsaya mini, me ya sa komai sai Kano? Ƙasar da aka gina hasumiyar Gobarau ba ja ba ce? Jan ƙasa na kowa ne.

Mai Haɗa Fenti: Na kowa ne, ɗan'uwa, amma wanda na taso ina gani na nufa. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, in ruwan sama ya jiƙa ta takan yi ja mai kauri, in rani ya yi ta koɗe kamar ruwan goro. Na jiƙar na haɗa. Ga ta tana zaizayewa, wasu wuraren an cinye ta da gini. Ka haɗa na Katsina, wallahi ni zan fara saye.

Ɗan Damagaram: Ku yi a hankali da na shidan. In turkuɗi za ka sa masa, na Kura ne, ba na cikin birni ba. Can ake turawa a buga shi har ya yi ƙyalli, Buzaye su saya su naɗa rawani. Mu nan mun fi ku ganinsa a kan mutane.

Jikan Marina: Kura ai ƙasar Kano ce. Ita kuwa marinar Ƙofar Mata, ana cewa tun 1498, zamanin Muhammadu Rumfa, take aiki.

Malam Mai Nahawu: Mun bar batu. Tsomi ko turuwa?

Mai Haɗa Fenti: Baba Malam, ni ba tsomawa nake ba. Farin fenti nake ɗebowa in ɗiɗɗiga masa ruwan launi, in ƙara ɗigo ya ƙara duhu. Turuwa tana faɗin yadda launin ya kama ne, ko ta wace hanya aka bi, shi ya sa ta fi kwanta mini. Na gwada ta kan masu fenti biyu a shago ɗazu, babban ya gane nan take, yaron sai da na nuna masa katin.

Malamar Firamare: To ka ƙara "mai haske" a farkon layin da "mai cizawa" a ƙarshensa, saboda irin yaron.

Malam Mai Nahawu: Ban gamsu ba, tsomi ya fi daidai. Amma turuwa Hausa ce tsantsa, ba zan hana ba. Sharaɗina ɗaya: kar in ga "kala" a katin nan.

Mai Haɗa Fenti: Launi zan rubuta, Baba. Fenti kam yana nan, don shi ke jikin bokitin. Na shidan Turkuɗin Kura. Saura na ukun, wanda kowa ke kira ruwan omo, kuma gobe da azahar zan rufe katin.